An mayar da ɗiyata wani kwas maimakon likitanci: ta karɓa ta canja daga baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata ta gama sakandare bana, shekarunta 17. Ta samu maki 228 a JAMB, ta nemi likitanci. Yanzu an turo mata a shafinta cewa jami'a na son mayar da ita Maikurobayoloji. Wasu na cewa ta karɓa, in ta gama aji ɗaya sai ta canja zuwa likitanci. Wasu kuma na cewa ta ƙi, ta sake jarrabawa baɗi. Wanne ne daidai, kuma yaya ake yin canjin nan? Daga wani uba a Jega.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinya albarka. Maki 228 cikin 400 ba abin rainawa ba ne, don haka kada a bari ta ɗauka faɗuwa ta yi. A shekarar 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince jami'o'i su ɗauki ɗalibi da shi 150 ne. Sai dai likitanci ba ya bin wannan mizani, domin masu nema sun ninka gurabe sau da yawa, kuma daga sama ake fara ɗiba.

Shawararmu a taƙaice: kada ta karɓi Maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittu irin su ƙwayoyin cuta, saboda tana sa ran tsallakawa likitanci daga aji ɗaya. Ta karɓa in har za ta iya zama cikinsa shekara huɗu ta gama da zuciya ɗaya. Canjin kwas a cikin jami'a abu ne da ake yi, yana da ƙa'idojinsa, amma ƙofar da ke kaiwa likitanci ita ce mafi ƙanƙanta, a jami'o'i da dama ma a rufe take ruf.

Ga dalili. Jami'a ba ita kaɗai ke yanke yawan ɗaliban likitanci da za ta horar ba. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ke ba kowace kwalejin likitanci adadi, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa, kuma ita ke yi wa ɗaliban rajista da sunayensu. Haka hukumar masu harhaɗa magunguna, da ta ma'aikatan jinya da ungozoma, da ta masu gwaje-gwajen asibiti, da majalisar da ke kula da karatun lauya. Kowacce na da nata adadin. Jami'ar da ta wuce iyaka tana iya rasa amincewar hukumar. To a ƙarshen aji ɗaya, ɗaliban da aka ɗauka likitanci tun farko su ma sai sun ci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da makin da aka gindaya, galibi 50 cikin ɗari, kafin su hau aji biyu. Waɗanda suka gaza ake turowa sassan kimiyya irin wanda aka ba ɗiyarka. Wato ruwan daga likitanci yake gangarowa zuwa Maikurobayoloji, ita kuma ana ce mata ta yi iyo ta haura. In ma an samu gurbi ɗaya ko biyu, akwai masu jira da suka shigo ta hanyar DE, wato shiga aji biyu kai tsaye, da sakamakon IJMB (shirin share fagen shiga jami'a) ko digiri.

Kafin a yanke shawara, a fara duba abin da aka turo mata da kyau, domin abu biyu ne a CAPS, shafin da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, da mutane ke haɗawa. Na farko neman amincewarta ne a sauya mata kwas. In ta amince, an cire sunanta daga jerin masu neman likitanci an mayar da shi jerin sabon kwas, amma ba a ba ta gurbi ba tukuna. Na biyu shi ne tayin gurbin kansa, mai maɓallin karɓa da na ƙi. Da zarar ta danna karɓa, zancen wannan shekara ya ƙare, babu wata makaranta da za ta sake duba ta. Kuma tayin na da wa'adi, in ya wuce ana iya janye shi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Abin da ke yawan faruwa shi ne yarinya ta ba mai shagon intanet lambobin sirrinta ya duba mata, ya ga an ba da gurbi ya danna karɓa don murna, bai ma karanta sunan kwas ɗin ba. Ita za ta shiga da hannunta, kana zaune kusa da ita. A tabbatar kuma an ɗora sakamakonta na WAEC ko NECO a shafin ta wata cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawar kwamfuta, da aka amince da ita, musamman in ta yi rajista kafin sakamakon ya fito. Wanda bai ɗora ba, ko makinsa ya kai nawa, ba za a ba shi gurbi ba.

Yanzu yadda ake canjin a cikin jami'a. Kowace jami'a na da dokarta a littafin ɗalibai, amma tsarin kusan ɗaya ne. Ana buɗe shi bayan an fitar da sakamakon zango biyu na aji ɗaya, na ɗan lokaci kaɗan kafin rajistar sabuwar shekara. Ɗalibi ya biya kuɗin fom a asusun jami'a, ya karɓi fom daga ofishin harkokin karatu, ya haɗa da sakamakonsa na aji ɗaya da na sakandare da takardar JAMB. Shugaban sashen da yake ciki ya sa hannu cewa ya sake shi, shugaban tsangaya ya sa, sannan shugaban sashen da yake son komawa ya rubuta cewa yana da gurbi kuma ya karɓe shi, shugaban waccan tsangaya shi ma ya sa. Daga nan kwamiti ya duba, majalisar malaman jami'a ta amince, magatakarda ya fitar da takarda. Sai takardar nan ta shigo hannu canji ya tabbata.

Abubuwa uku ake dubawa. Ko tana da kiredit ɗin sakandare da sabon kwas ke buƙata, ko darussan da ta rubuta a JAMB sun dace da shi, sai matsakaicin makinta na jami'a, wato CGPA. Na ukun nan ya kamata a zauna a yi lissafinsa da yarinya, don a nan burin mafi yawan ɗalibai ke karyewa tun ba su sani ba.

A tsarin maki biyar, wanda ya ci 70 zuwa sama yana da A, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da haka F, ba komai. Kowane darasi na da nauyinsa, yunit ɗaya ko biyu ko uku, ana ninka makin da nauyin. A ce a zangon farko ta ɗauki yunit 15. Kemistiri mai yunit 3 ta ci A, 15 ke nan. Bayoloji mai yunit 3 ta ci B, 12. Fiziks mai yunit 3 ta ci C, 9. Lissafi mai yunit 3 ta ci D, 6. Darasin Turanci na gama-gari mai yunit 2 ta ci A, 10. Aikin ɗakin gwaji mai yunit 1 ta ci B, 4. Jimilla 56, a raba da 15, ya ba da 3.73. Sakamako ne mai kyau, wanda in ta riƙe shi za ta fita da digiri mai daraja ta biyu babba, tunda wannan daga 3.50 yake farawa. Amma a ce sashen da take so sai mai 4.50 yake dubawa. A yunit 30 na shekara tana buƙatar 135. Tana da 56, saura 79. Zango na biyu kuwa ko A ta ci a kowane darasi, 75 ne iyakarta. Za ta tsaya a 4.37. C ɗaya da D ɗaya da B biyu a watannin farko, lokacin da take neman ɗaki da sabawa da aji mai ɗalibai ɗari biyar, sun riga sun rufe ƙofar. Wannan ne masu cewa "ta shiga kawai ta canja" ba sa faɗa.

Akwai wata illa da ta fi wannan. Ɗalibin da ya shiga sashe yana kallonsa a matsayin tasha ba ya ba karatun haƙƙinsa. In canjin bai yiwu ba, sai ya hau aji biyu da sanyin jiki, darussa su fara binsa bashi, kari-oba kan kari-oba. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyakar jami'a, a wasu 1.00 a wasu 1.50, ana sa shi a matakin gargaɗi, in bai farfaɗo ba a sallame shi daga kwas ɗin. Kuma akwai iyakar zama: kwas na shekara huɗu galibi ba a wuce shekara shida a cikinsa.

Canjin da ke tafiya cikin sauƙi shi ne na cikin tsangaya ɗaya, inda darussan aji ɗaya iri ɗaya ne, kamar daga Bayoloji zuwa Bayokemistiri, ko daga Fiziks zuwa Lissafi. Nan ɗalibi kan wuce aji biyu kai tsaye. In tsangaya ce daban, ko dai a mayar da shi baya da shekara, ko a ɗora masa darussan aji ɗaya da bai yi ba a kan na aji biyu. Tunda ba a yarda a wuce yunit 24 a zango ba, wasu darussan sai sun jira, ƙarshenta shekara ta ƙaru. Sannan jami'a ba ta iya mayar da kai kwas ɗin da ba ta koyarwa. Wanda ke jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ko Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru, in ya ce lauya yake so, sai ya bar makarantar gaba ɗaya.

Kurakuran da suka fi cutar da ɗalibai a nan guda biyu ne. Ɗaya, ɗalibi ya ji wani malami ya ce masa "ba matsala, an karɓe ka", sai ya fara shiga laccar sabon sashe ya bar na tsohon, alhali takarda ba ta fito ba. In majalisa ta ƙi, jarrabawar da ya rubuta a can ba ta da mazauni, wadda bai rubuta ba a nan kuma an sa masa F. Shekara ta tafi, maki ya lalace. Ɗayan kuma ba ya bayyana sai bayan an gama karatu: jami'a ta canja masa kwas amma bayanan JAMB na nan da tsohon. Ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa sai a ga takardar JAMB ta ce Bayoloji, digiri ya ce Kemistiri, a ajiye sunansa abokansa su tafi sansani. Duk wanda aka canja wa kwas, a shekarar nan ya bi ta ofishin ɗaukar ɗalibai a gyara bayanansa a JAMB, ya sake fitar da takardar gurbi mai ɗauke da sabon kwas. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi a hannu zai "shigar da ita likitanci ta ciki", a rabu da shi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba.

Komawa wata jami'ar daban ya fi haka wuya. Sai tsohuwar ta aika cikakken sakamako kai tsaye zuwa sabuwar, da shaidar cewa ba korar ɗalibin aka yi ba, sabuwar ta ga tana da gurbi, kuma yawanci kwas iri ɗaya ake komawa, a aji biyu ko uku. Hanya ce ta wanda aure ko rashin lafiya ko matsalar tsaro ta tilasta wa sauya gari. Ba ta da amfani ga mai neman likitanci.

To me ya rage wa ɗiyarka? In likitancin ne a ranta ba ja da baya, hanya mafi gajarta ita ce sake JAMB. Shekarunta 17, shekara ɗaya ba za ta rage ta da komai ba, kuma sakamakon JAMB na shekararsa ne kawai, ba a ajiye shi. A kwatanta: sake jarrabawa shekara 1, likitanci shekara 6, bakwai ke nan. In kuwa ta gama Maikurobayoloji ta nemi shiga aji biyu na likitanci da digirinta, abin da jami'o'i da yawa ke karɓa daga mai daraja ta biyu babba, shekara 4 ce da ta bautar ƙasa da wasu 5, goma ke nan, kuma guraben can ma 'yan kaɗan ne. Amma sake jarrabawa na da sharaɗi. A karɓo takardar sakamakon a duba maki nawa ta samu a kowane darasi cikin huɗun. In Fiziks ne ya ja ta ƙasa, a nemo malamin Fiziks, ta bi manhajar JAMB babi-babi, ta saba da amsa tambaya a kwamfuta da agogo a gabanta. Zama gida wata takwas ana jiran ranar jarrabawa ba tare da tsari ba, maki ƙasa yake yi. A duba sakamakon sakandarenta ma: likitanci na son kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa sun ce sai a zama ɗaya. In haɗa WAEC da NECO ta yi kafin biyar ɗin su cika, wannan ma yana iya zama abin da ya hana ta, sai a gyara shi tare.

Akwai masu cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, su karɓi gurbin su kuma sake JAMB suna aji ɗaya. Ana yin haka, kuma darussan aji ɗaya na kimiyya na taimaka wa shirin jarrabawar. Sharaɗin shi ne ta bayyana wa JAMB wajen rajista cewa ita ɗaliba ce a wata makaranta, kuma in sabon gurbi ya fito ta saki tsohon, don ba a riƙe biyu. Kuɗin rajista da na ɗaki na shekara guda sun tafi, kuma hankali ya rabu biyu. Ga gidan da zai iya ɗaukar wannan asara, kuma yarinyar mai juriya ce, mun fi son wannan a kan zaman gida. Sai IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa, wanda ake karanta darussa uku kusan shekara guda a nemi aji biyu ta DE. Yana da kyau ga kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci, amma ga likitanci sai wanda ya kusa cinye makin duka.

In kuma aikin asibiti take so, ba lallai sunan likita ba, to a tambaye ta da kyau, don yara da yawa likitanci kawai suka sani da suna. Akwai digirin jinya, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton asibiti, kowanne shekara biyar, kowanne da lasisin aiki a ƙarshensa. Su ma ana rububinsu, amma 228 na da magana a wasunsu. Akwai kwalejin jinya ta Birnin Kebbi, kuma kwalejojin jinya yanzu ta JAMB suke ɗiba. A 2025 mafi ƙarancin makinsu 140 ne. Duk wanda ya taɓa kai mace haihuwa asibitin ƙauye da dare ya san irin buƙatar da jihar nan ke da ita ga mata ma'aikatan lafiya. A nan ne muke jan hankali kan Maikurobayoloji: ilimi ne mai kyau, yana kaiwa ga bincike, da aikin kula da ingancin abinci da ruwa da magani, da koyarwa, amma digirinsa kaɗai ba ya ba mutum lasisin masanin gwaje-gwajen asibiti. Iyaye da yawa sai bayan shekara huɗu suke jin wannan. In har ba ta danna karɓa ba, kuma jami'ar ba ta rufe ɗiba ba, tana iya zuwa cibiyar CBT ta biya kuɗin gyara ta sauya kwas ko makaranta, muddin darussanta huɗu sun dace. Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji na buɗe kusan duk kwasa-kwasan lafiya, da likitan dabbobi, da noma. Ba sa buɗe injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta, don waɗannan sai da Lissafi a JAMB.

Likitan dabbobi da noma ana raina su ba bisa haƙƙi ba. Jihar da ke da shinkafar fadamun Argungu da Suru, da albasar Aliero, da kifin Yawuri, da kasuwannin dabbobi har bakin iyakar Nijar da Benin, ba ta rasa abin da mai wannan ilimi zai yi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta daɗe tana koyar da likitancin dabbobi, shekara shida ne kamar na mutane.

In za a sake cike fom baɗi, zaɓin makaranta ma lissafi ne. Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ƙidaya a baya wajen ilimin boko, Kebbi da Zamfara na cikinsu. Ɗiyar Jega da ta zaɓi Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana da ƙofa uku. In ta zaɓi wata mai nisa ta rasa ta tsakiya. Shi ya sa kuskuren jiha ko ƙaramar hukuma wajen rajista ke da tsada, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma dole ta dace da abin da aka cike. Zaɓin farko shi ne zaɓi, yawancin jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu. A duba kundin JAMB na intanet a ga abin da kowace jami'a ta rubuta kan kwas ɗin, don suna bambanta. A kuma tambaya a ofishin ɗaukar ɗalibai ko kwas ɗin na da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da ta hukumar sana'ar, musamman a sababbin jami'o'i irin na Birnin Kebbi da Gusau da aka kafa a 2013 da waɗanda suka biyo bayansu, inda ake buɗe sababbin tsangayoyi a hankali.

Ga ƙannenta da ke tafe kuwa, tun ran gini ran zane. Yaron da aka tura ajin kimiyya a SS1 don maƙwabci ya tura nasa, alhali Lissafi na ba shi wuya, ko wanda ke son lauya amma bai ɗauki Adabin Turanci ba, an riga an zaɓa masa kwas shekara uku kafin ya ga fom ɗin JAMB.

A wannan makon, Malam, ka je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kanka tare da ita, ku tambayi abu ɗaya a fili: shin dokar jami'ar nan ta yarda a canja daga tsangayar kimiyya zuwa likitanci, kuma mutum nawa aka canja bara? Ku nemi a nuna muku shafin a littafin ɗalibai. Layin wayar da ta yi rajistar JAMB da shi kuma a adana shi, kada a bari ya mutu ko a ba wani, don da shi za ta sake rajista in ta kai ga haka, kuma ta nan saƙonnin hukumar ke shigowa.